Keken Da Ya Ci Gonar Kuka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Wannan takarda daga hannun mahaifinka ce, Garba na Unguwar Ɗinya ta ƙasar Tofa, zuwa ga ɗana Habibu, sabon akawu a tashar jirgin ƙasa ta Kano. Ina gaishe ka gaisuwar uban da murna ta cika wa ciki. Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin birni da na ƙarfen jirgi, Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayin na ƙasa da su. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana samun fura mai kyau a can. Baffanka Isa ba ya bukatar in rubuta tasa gaisuwar, don shi ne zai miƙa maka takardar nan hannu da hannu.

Akawu! Kai, Habibu, tun ranar Talatar da ka tafi ban iya zama wuri ɗaya ba. In na fito masallaci sai a tare ni, a ce, "Malam Garba, ashe yaro ya samu aikin jirgi?" Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "To, sai addu'a," alhali cikina fari ƙal, kamar in yi tsalle a gaban liman. Innarka kuwa ba ta san wannan kara ba. Ta riga ta gaya wa duk matan unguwa cewa sai ka ɗaga hannu jirgi ke tsayawa. Na ce mata, "Haba, buhuna fa yake rubutawa a takarda." Ta ce duk ɗaya ne, in ba a rubuta ba ai jirgin ba zai tashi ba. Na ga ta fi ni hujja, na ƙyale ta.

Ga kuma maganar ƙarin albashi da ta cika gari. Yanzu in ka zauna gindin rimi bayan la'asar, kowa ya zama masani, har waɗanda ba su taɓa karɓar albashi ba. Waɗanda suka dawo daga soja suna cewa tunda yaƙin Turawa ya ƙare dole a ƙara wa ma'aikata. An ce ku na jirgin ƙasa za ku fi kowa samu, sai na gidan waya su biyo baya. Malaman makaranta da na asibiti an ce su ma ana duba tasu. 'Yan En'e dai, ma'aikatan hukumar sarki, yadda aka saba, sai an gama da na gwamnati tukuna a waiwaye su. Kamfanonin gyaɗa an ce za su ƙara don kada akawunansu su gudu, masu haƙar kuza a Jos kuma har sun fara aiko masu neman lebura da alkawari mai daɗi. Ina zaune ina ji, ina ta murmushi, don ɗana yana cikin waɗanda aka sa a gaba. Kuma wallahi ina sa rai ƙarin zai zo, ba na cikin masu cewa ƙarya ce.

To, ina cikin wannan daɗi, ranar Alhamis da hantsi sai ga Ɗanladi dillali ya yi sallama, igiya a kafaɗa. Muka gaisa, ya ce, "Malam, na zo tafiya da jakunan Habibu ne. Ya bar mini sallahu in kai Auraki da Duna kasuwar gobe." Na ce, "Ka kai su su yi me?" Ya ce, "In sayar mana. Keke zai saya. Ya ce akawu ba ya zuwa ofis a ƙasa, kuma tunda ƙari yana tafe, hatsi a kasuwa zai riƙa sayo muku, ba sauran wahalar taki." Sai da na nemi turmi na zauna. Ba zafin abin da ka yi ne ya kama ni ba. Maganata ce na ji ta fito daga bakin Ɗanladi, ba a rage mata ko kalma ɗaya ba, bayan shekara ashirin.

Ban hana shi don ina da iko ba. Jakunan halalinka ne. Da gyaɗar gayaunarka ka sayi Auraki, dakon itacen da Auraki ya yi kuma shi ya sayo Duna, ban sa ko anini ba. Roƙonsa kawai na yi ya ba ni mako guda, ya ce to, amma Juma'a mai zuwa zai dawo da igiyarsa. Saboda haka ka karanta takardar nan a nutse, ka ba Baffanka amsa kafin ya juyo. In ka ce a sayar, da hannuna zan kwance su in miƙa. Amma sai ka fara jin abin da ban taɓa gaya maka ba.

Lokacin kana goye a bayan Innarka, ni ma mai albashi ne. Helma ne ni, wato shugaban leburori masu gyaran hanya, aikin En'e, muna cike ramuka da marmara tsakanin nan da Dawanau. Albashin ba shi da yawa, amma wata goma sha biyu yake zuwa, kuma kafin azahar na dawo gida, in ci abinci in ɗauki fartanya. Ina da jakuna uku a lokacin. Baffanka Isa ke kora su da rani, su shiga birni da itace su dawo da mangala cike da taki, mu raba tsakanin gonata da tasa. Rumbunanmu ba su taɓa ganin ƙasansu ba. Ni dai a lokacin ban san ina cikin daɗi ba.

Sai wani abokina ya zo mini da labari cewa wani kamfanin sayen gyaɗa a birni yana neman helman masu ɗaukar buhu, kuma abin da suke biya ya kusa ninka nawa. Kai! Ko kwana biyu ban yi ina shawara ba. Na je na ajiye aikin hanya, har ina yi wa leburorina dariya, ina ce musu su ci gaba da cin jar ƙasa. Sai da na shiga kamfanin na gane abin da ban tambaya ba. Aikinsu na kaka ne. In gyaɗa ta ƙare sai a sallami kusan kowa, a bar 'yan kaɗan su yi gadin sito. Shekarar farko na yi sa'a ina cikin waɗanda aka bari, shi ya sa ban ɗauki darasin ba.

Wannan shi ne kuskurena na fari. Kai ma za a zo maka da irin labarin nan, ba shakka, tunda kana da rubutu mai kyau. Wani zai ce kamfani kaza ya fi jirgi biya, wani ya ce kanti kaza ya ninka. Kada ka tsaya a kan abin da za a zuba maka a tafin hannu ƙarshen wata. Ka tambaya wata nawa ake biya a shekara. Ka tambaya ko suna ba da ɗaki, ko in ka kwanta ciwo za a ci gaba da biyanka, ko akwai abin da ake ba mutum in ya tsufa. In ka ga mai kawo labarin ya fara kame-kame a kan waɗannan, ka gode masa ka koma kan teburinka. Kuma in har za ka bar wani aiki, ka bar shi da sallama mai kyau, kada ka yi wa kowa dariya a bakin ƙofa.

A kaka ta biyu ne babban akawun kamfanin ya tara mu, mu helmomi, a gaban sikeli. Ya ce gyaɗa ta yi kuɗi a ƙasar Turawa, takarda ta zo daga Ikko, shekara mai kamawa za a ƙara wa kowa. Habibu, ba ƙarya ya yi mana ba. Takardar tana hannunsa, na gan ta da idona, ko da yake ban iya karanta boko ba. Ranar Asabar na taho gida a ƙasa, ban san na iso ba. Kafin in sha ruwa na gaya wa Innarka. Kafin magariba na gaya wa majalisa. Kuma ka san halin labari, ni na ce za a ƙara, kafin ya kai ƙarshen unguwa ya zama an ƙara, kafin ya kai Tofa ya zama an ninka.

Tabɗi! Dangin da ban taɓa sani ba suka fara zuwa gaishe ni. Mai suna ya turo goro, mai biki ya turo goro, wanda rufin ɗakinsa ya zube ya zo mu gaisa. Ni kuma kunya ta hana ni in ce kuɗin ba su zo ba tukuna, ga daɗin girman da ake ba ni. Sai na riƙa yin kyauta irin ta mai sabon albashi daga cikin tsohon albashi. Abin da ya fi ba ni mamaki ma masu awo a birni. Matar da nake sayen gero a wurinta ta ji labarin ƙarin kafin a gama karanta takardar. Na je na tarar mudu ya hau. Na ce, "Haba Iya, me ya faru?" Ta ce, "Ba ku aka ƙara wa ba?" Mai ɗakin da nake haya shi ma ya ji.

Saboda haka ga shawara ta biyu. Ƙarin da ke cikin takarda ba naka ba ne, kada bakinka ya kashe shi kafin hannunka ya taɓa shi. In ya zo ma, kada ka auna shi da yawan sulalla. Ka tafi kasuwa ka ga mudu nawa na gero albashinka yake saye a watan nan, ka riƙe a ranka, in an yi ƙarin ka koma ka sake gani. In mudun bai ƙaru ba, to ba kai aka ƙara wa ba, masu awo da masu gidan haya aka ƙara wa, kai dai ɗan aike ne. Ga shi tun yanzu Ɗanladi ya ce kuɗin keke ya tashi a kanti, alhali ko kwabo ba a ƙara wa kowa ba. Innarka kuma ka bar ni da ita, zan yi ƙoƙarin rage mata baki, ko da yake ban ɗauki alkawari ba.

Yanzu ga babbar, wadda saboda ita na zauna rubutun nan.

A kan hanyata ta zuwa sito akwai wani kanti, a ƙofarsa an jingine wani baƙin keke mai zanen ruwan zinariya, da ƙararrawa mai ƙyalli. Kullum sai na tsaya na kalle shi. Babban akawu yana da irinsa, kuma in ya shigo da shi leburori har tashi suke yi. Na ce a raina, ai ni ma na kusa zama babba, me zan jira? Abin da ke hannuna bai kai ba, sai na tuna da jakuna. Kuma ka ji lokacin da na zaɓa, bakin rani, an gama girbi, daidai ranar da ya kamata a fara jigilar taki.

Baffanka Isa yana ɗaura wa ɗaya akumari na zo na gaya masa. Ya saki igiyar ya dube ni, ya ce, "Yaya, yanzu ake sayar da jaki? Ka bari mu zuba takin bana mana, in ya so da bazara ka sayar." Na ce da bazara wani ya saye keken. Innarka tana daka, ta tsayar da taɓarya ta ce, "Malam, shi keken yana ɗaukar mangala?" Na ji haushi ƙwarai. Na ce mata mai albashi ba ya bin bayan jaki, hatsi kuma a kasuwa zan riƙa sayo musu, wahalar taki ta ƙare a gidan nan. Ka ji ko? Ba ka ko iya magana ba a lokacin, amma ga shi ka haddace.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin keken nan. Wai! Ranar da na shigo Unguwar Ɗinya a kansa, kaji suna watsewa, mata suna leƙe ta kan danga, tsofaffi suna cewa, "Garba, a hankali!" Na zagaya rimi sau uku ina buga ƙararrawa. Tafiyar da nake yi tun hantsi har la'asar ta koma abin da ba ya ko sa ni ƙishirwa. Iska tana kaɗa mini riga, ina jin duk ƙasar Kano ba wanda ya kai ni. Shi ya sa ban ga laifinka ba da ka so keke, na san abin da kake ji. Na yi wata biyar cikin wannan daɗi.

Sai gyaɗa ta faɗi. Ka tambayi kowane tsoho labarin shekarun nan, zai gaya maka. Manomi ya kawo buhu a ba shi abin da bai kai wahalar ɗauko shi ba. Babban akawu ya sake tara mu a gaban sikelin nan dai, da wata takardar daga Ikko. Wannan karon bai ɗago kai ba. Ba ƙari, ragi za a yi. Bayan wata biyu aka sallame mu, har shi kansa. Na hau kekena na tafi wurin aikin hanya in roƙi a mai da ni. Na tarar an ba ɗaya daga cikin leburorin da na yi wa dariya helma. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni ruwa, ya ce ba gurbi.

Na dawo gona, amma gona ba ta jira ni ba. Ka san ƙasarmu ba irin ta mutanen daji ba ce, da in gona ta gaji sai a bar ta ta huta a sari wata. Mu nan gona tana jikin gona, daga bakin dangarka sai iyakar wani. Tun kakanni ba ta taɓa hutawa ko shekara ɗaya ba, abin da jaki ya kawo mata da rani shi take mayar maka da kaka. A shekarar nan duk gonakin unguwa sun yi tsibi-tsibin taki, tawa da ta Baffanka fayau. Dawa ta fito siririya, ta yi rawaya tun tana gwiwa. Shekara ta biyu ba jaki, ba kuɗin sayen jaki, sai wuta-wuta ta mamaye ta, furenta ja-ja ko'ina, gwanin kyau, ba abin ci a ƙarƙashi. Ga fara ta yi ɓarna a wasu garuruwa, hatsi ya yi tsada. Kafin ruwa ya sauka Innarka ta shiga rumbu da tsintsiya.

Za ka ce me ya hana in sayar da keken? Shekarar farko girman kai ne, ba wani abu ba. Na ce in na sayar, majalisa za ta samu abin taunawa. Shekara ta biyu da na sauke kai na kai shi birni, na tarar duk waɗanda aka sallama sun kawo nasu, kekuna jere, ba mai saye. Abin da aka taya bai kai kuɗin gurgun jaki ba. Na turo shi na dawo, na naɗe shi a tabarma na rataye a ɗakin ajiya. Ga gida ba hatsi, ga ku uku, ga haraji ya zo.

Habibu, ka san Gonar Kuka, ta Malam Sule maƙwabcinmu, wadda ke gabas da rijiya, wadda kowa ke cewa ba ta da ta biyu a unguwar nan. Tamu ce. Gadona ce daga kakanka, shi ma daga nasa uban. A gindin kukar nan aka yi mini sakiyar farko da ƙaya ta shige mini ƙafa, a can na koyi riƙon garma. Ni na sayar wa Malam Sule ita, a gaban mai unguwa da shaidu, don ku ci tuwo. Ya zuba mata taki shekara uku da jakunansa, ta dawo yadda take. Mutumin kirki ne, bai taɓa tayar da maganar ba, kuma dattawan da suka sani sun rufa mini asiri. Amma a ƙasar nan gonar da ta fita daga hannu ba ta dawowa, don ba mai sayarwa sai wanda ya shiga irin halin da na shiga.

Ka tuna kana ƙarami ka taɓa tambayata me ya sa nake zagayawa ta bayan rijiya in za mu gona, ga hanya miƙaƙƙiya ta gonar Malam Sule? Na ce maka akwai ƙaya. Ba ƙaya. Ba na iya ganin dammunan da ake ɗaurewa a can ne. Ka kuma tuna ranar da ka shiga ɗakin ajiya, ka kwance tabarmar da ke rataye, ka buga ƙararrawar da ke ciki, na zane ka da tsumagiya har Innarka ta shiga tsakani? Ba ka yi laifin da ya kai haka ba. Ƙarar ce ban so ji ba. Na daɗe ina so in ce ka yafe mini wannan, yau na faɗa.

Sai da na yi rani huɗu ina saƙa ina dako kafin in sake mallakar jaki ɗaya. Baffanka, wanda wautata ta ci tasa gonar shekara biyu, bai taɓa yi mini gori ba. Ka riƙe shi da daraja.

Na san za ka ce jirgin ƙasa ba kamfanin gyaɗa ba ne, kuma gaskiyarka. Aikinka ya fi nawa gindi nesa ba kusa ba, an ce har fansho kuna da shi in mutum ya daɗe. Ina alfahari da haka, kuma ina roƙon Allah ka tsufa a cikinsa, ka zama babban akawu mai tara mutane a gabansa. Amma masu rubuta takardar ƙari su ne masu rubuta ta ragi, kuma ba a Unguwar Ɗinya suke zaune ba, ba su san ka ba. An kuma ce mini ana ɗauke ma'aikacin jirgi a jefa shi wata tasha mai nisa ba tare da an yi shawara da shi ba. Duk inda aka kai ka, gayaunarka tana nan inda ka bar ta, muddin ana ba ta abincinta. Gonar da ta rage mana da gayaunarka, Auraki da Duna ne ke riƙe da su. Ga rani ya kama, maƙwabta sun fara fita da mangala tun makon jiya.

Kada ka damu da wanda zai kora su. Ni zan kora, ƙafata ba ta mutu ba, ni da Baffanka za mu riƙa karɓa-karɓa. Kuɗin itacen da suka kai birni naka ne, zan tara maka. In ƙarin ya zo, in Allah Ya yarda zai zo, ka bari ya kwana a hannunka wata uku, ka ga abin da kasuwa ta bar maka daga ciki. Sannan in kana son shawarata, ka ƙaro jaki na uku. Na san dariya kake yi, yi abarka.

Amma kuma na yarda da kai a kan abu ɗaya. Akawu ba ya zuwa ofis a ƙasa! Ɗana ba zai isa tasha da ƙura har gwiwa ba, abokan aikinsa suna wuce shi suna buga masa ƙararrawa. Saboda haka washegarin zuwan Ɗanladi, ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci na shiga ɗakin ajiya na sauko da tabarmar nan da hannuna. Na kwance keken, na kai shi Tofa wurin mai gyara. Ya duba ya ce ƙarfen lafiya lau, irin na da ne, ba a yin kamarsa yanzu. An sa sababbin tayoyi, an wanke sarƙa da kananzir, an ɗinke sirdi. Kuɗin gyaran Innarka ce ta sayar da kajinta, ta ce shekara ashirin take jiran ranar da ƙarfen nan zai fita mata daga gida, ko akuya aka ce ta bayar za ta bayar. Da na dawo da shi na hau na zagaya rimi sau ɗaya, tsofaffin da suka rage suka tashi tsaye suna salati, na kusa faɗawa cikin dangar liman. Na buga ƙararrawar kuma, Habibu. Tana nan da muryarta.

In ka ɗaga kai daga takardar nan za ka gan shi a hannun Baffanka. Naka ne. Ka hau shi lafiya, ka buga ƙararrawar iyakar son ranka, ba mai zane ka. An riga an biya kuɗin keken nan da jakuna uku da Gonar Kuka, ina roƙonka kada gidanmu ya biya sau biyu. Ka gaya wa Baffanka abin da zan faɗa wa Ɗanladi ranar Juma'a.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka gaida maigidan da ya sauke ka, ka rage gudu in ka zo kan kwana, don burkin baya yana ɗan jinkiri tun asali. Allah Ya tsare ka a hanya da wurin aiki, Ya sa albarka a albashinka, ƙanƙaninsa da babbansa, Ya dawo mana da kai lafiya ranar hutu. Innarka ta ce in ka zo ka fara buga ƙararrawa tun daga rijiya, don ta fito ta gani.

Ni ne mahaifinka,
Garba na Unguwar Ɗinya.